Zuwa ga ɗana da ke karatu a Manila

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai cewa duk muna nan lafiya, sai ƙafar Hajiya da ta sake tashi da shigowar damina. Dalilin wannan takarda shi ne saƙon muryar da ka aiko wa ƙanwarka ranar Lahadi, wanda ta kunna a tsakar gida kowa yana ji, har da ni da nake alwala a bakin rijiya. Na ƙi kiran ka a waya saboda na san halina idan raina ya ɓaci, ga shi kuma kun riga mu da awa 7, kafin in huce kai ka yi barci.

Na saurari labarin wasan barkwancin da malaminku ya tura ku kallo a birnin Quezon, na abokai huɗu da suka yi makaranta tare, suka haɗu cin abinci bayan shekaru. Ɗaya ta dawo daga aikin jinya a Saudiyya kowa yana leƙen jakarta, wani yana bin wani bashi amma kunya ta hana shi tambaya, kuma duk wanda ya tashi zuwa bayi sai sauran su hau yi da shi. Ni ma na murmusa, domin ka iya ba da labari tun kana ƙarami. Abin da ya biyo baya ne ya hana ni barci. Ka ce wasan ya buɗe maka ido, ka gane cewa abota bayan an girma sabo ne kawai da munafunci, saboda haka ka daina amsa saƙon ɗan gidan Liman, kuma a ƙarshen wata za ka bar gidan da kuke haya da 'yan'uwanka ɗalibai ka kama ɗaki kai kaɗai.

Kai da bakinka ka ce rabin maganar da harshen Tagalog aka yi ta, sai dai ka tsinci Turancin da suke cakuɗawa a ciki. To, da rabin magana ka yanke wa abota hukunci? Ka tuna su waye suka cika zauren suna dariya. Mutanen Filifin miliyoyinsu suna aiki a ƙasashen waje, kuɗin da suke aikowa gida ya haura dala biliyan 30 a shekara, kuma gidaje da yawa suna da wani nasu a Riyad, Dubai ko Hong Kong. Na ga 'ya'yansu mata da idona suna jinyar alhazai a Makka. Idan Kirsimeti ta matso, manyan kwalaye suke cikawa da sabulu, takalma da abincin gwangwani su aiko wa dangi da abokai. Tun zamanin da Sifaniya ta mulke su, sama da shekara 300 har zuwa 1898, suke da al'adar mutum ya ɗauko amininsa ya tsaya wa jaririnsa a coci, daga ranar sun zama dangi har mutuwa. Mutanen da suka riƙe abota haka, idan suka yi mata dariya a dandali, irin dariyar da Bafulatani yake yi wa Babarbare ce, ko Bakano ga Bazazzagi. Na tabbata da aka tashi, waɗanda suka fi kowa ƙyaƙyatawa tare da abokan nasu suka tafi cin abinci, kai kuma ka koma ɗaki ka toshe lambar wanda kuka yi allo tare.

Sai maganar da ka yi cewa mai cin bashin nan na cikin wasan sak Alhajin majalisarmu ne, ni kuma ni ne wawan da ya kasa tambaya. Ƙannenka sun yi dariya, mahaifiyarka ta sunkuyar da kai. Ban taɓa musun cewa yana riƙe da kuɗina ba, kuma na san adadinsu har kwabo. Amma shekarar gobarar kasuwa kana aji biyu, ba ka san wanda ya riƙa aiko buhun masara da daddare don kada maƙwabta su gani ba, kuma ba ka tambayi wanda ya sa hannu a takardar filin da aka sayar aka biya kuɗin jirginka ba. Ba na neman ka yabe ni a kan haƙurina da shi, amma ban haife ka don ka auna abokaina da wasan awa biyu ba. Wannan rashin kunya ce, kuma ban san ka da ita ba.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da yake ci mini rai, wato ɗakin nan da za ka kama kai kaɗai. Ka san yadda aka sami Baffanka a Jidda, ka kuma san kwana nawa ya yi kafin a fasa ƙofa. Tun ranar da ka hau jirgi ban yi sallah ba tare da wannan ya faɗo mini a rai ba. Kana ƙasar da guguwa kusan 20 ke ratsa yankinta kowace shekara, mafi yawa daga Yuni zuwa Nuwamba, kuma a Satumban 2009 ruwa ya shanye unguwannin Manila har mutane suka kwana a kan rufin gidaje. Ga zazzaɓin dengi da sauro ke yaɗawa a wannan lokaci, wanda kai mai karatun likita ka fi ni sanin yadda yake kwantar da saurayi cikin kwana biyu. Idan ya kama ka da tsakar dare, wa zai ji nishinka? Wa zai nemo mota, wa zai kira ni? Waɗannan yaran da ka ce suna cinye maka shinkafa ba sa mayarwa, su ne za su ɗauke ka a kafaɗa. Gara su cinye buhu guda kowane wata, ni zan biya.

Na san zama da mutane akwai gajiya, kuma na san ɗan gidan Liman ya fiye roƙon kuɗin kati, yana ganin duk wanda ke waje a kan dala yake kwana. Ka gaya masa gaskiya cewa kai ma aiko maka ake yi, ka ba shi abin da za ka iya, ranar da babu ka ce babu. Jiya ya tare ni bayan la'asar yana tambaya ko wayarka ce ta lalace, na rasa abin da zan ce masa.

Ban hana ka kallon wasa ba. In za a sake yin sa, ka koma tare da abokan zamanka da wani ɗan ajinku mai jin Tagalog, ya fassara muku rabin da ya wuce ka. Kada ka biya kuɗin ɗakin nan. Ranar Juma'a idan ka dawo daga masallacin Quiapo ka kira ni, zan kasance a farke. Mahaifiyarka ta ba wani mai zuwa yaji da kuka ya kawo maka, ta ce ka raba da 'yan gidanku. Hajiya tana sa maka albarka, ni ma haka. Allah Ya tsare ka, Ya ba ka sa'ar jarrabawa.

Wassalam,
Mahaifinka