Godiya ga Alhaji mai shagon kifin ado da ya hana ni sayen kifi biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne don in gode wa Alhaji mai shagon kifin ado na unguwarmu a nan Kano, shi da yaransa. Da kuɗi a hannu na je musu, amma suka rage cinikin da kansu saboda sun ga abin da nake shirin yi zai halaka kifi.

Niyyata ita ce in sayi namiji da mace na baƙin kifin nan mai jan bindi da 'yan kasuwa ke kira shak, in zuba su a tankin gilashi a gida su yi ƙwai, in rene 'ya'yan. Alhaji, ba ka tsaya gardama da ni ba. Hannuna ka ja zuwa wani tanki da aka sauke sababbin kifi a ciki, ka ce in kalla. Ɗaya ya kame bakin wata fasasshiyar tukunyar ƙasa, jikinsa baƙi wuluk, bindin ja zur. Ɗayan kuwa ya maƙale a kusurwar sama bayan na'urar tace ruwa, launinsa ya koma toka-toka, gefen bindin ya yage. Da zarar ya sauko neman abinci, mai tukunyar ya biyo shi a guje. Nan take ka sa yaro ya kwashe shi da koma zuwa wani tankin, sannan ka ce: "Malam, idan ka ɗauki biyu, abin da za ka je ka tarar ke nan. Wannan kifin ba ya son ganin irinsa, ko macen ce."

Bayanin da ya biyo baya shi ne ya fi min amfani. Ka ce ba shi da alaƙa da shak na teku, kifin kogi ne daga Tailan, yankin kogin Chao Phraya. Da na koma na karanta, na ga a 1931 masana suka fara bayyana shi, suka sa shi cikin jinsin Labeo, wanda muke da danginsa a kogunan Neja da Binuwai. Madatsun ruwa da busar da fadamu sun cinye mazauninsa, har a 1996 aka lissafa shi cikin waɗanda suka ƙare a kogi, sai a 2011 aka mayar da shi sahun masu gab da ƙarewa. Waɗanda ke zuwa kasuwa daga gonakin kifi suke fitowa, kuma a can ma sai an yi wa iyayen allurar da ke sa su saki ƙwai. Ka kwatanta min da yadda masu ƙyanƙyasar tarwada a nan suke yi da allurar Ovaprim mai sa kifi sakin ƙwai, ka ce bambancin shi ne tarwada tana da jikin ɗaukar allura, wannan kuwa da ƙyar ya wuce santimita 15. A tankin gida ba kasafai ake samun ya yi ƙwai da kansa ba. Mai son kuɗina kawai zai yi shiru, ya ƙulla min biyu a leda, in dawo bayan mako in sake saye.

Guda ɗaya ka sayar min, da tanki mai tsawon santimita 120 wanda ke cin kusan lita 200. Ka dage sai na sa murfi domin kifin yana tsalle. Yaronka ya biyo ni gida, ya shimfiɗa yashi mai laushi, ya jera tukwane da guntun itace ta yadda za a samu maɓoya, ya nuna min maganin da ake ɗigawa a ruwan famfo kafin a zuba. Kuɗin mota kawai ya yarda ya karɓa. Shi ne kuma ya tuna min cewa ruwan yana buƙatar zama tsakanin digiri 22 zuwa 26, don haka in tanadi na'urar ɗumama ruwa kafin hunturu, da famfon iska mai batir saboda ɗauke wuta.

Da bindin ya fara dusashewa bayan wani lokaci, na aiko da hoto ta WhatsApp da daddare, ban yi zaton amsa ba sai gobe. Kafin in kwanta ka amsa: in riƙa canja rubu'in ruwan duk mako, in ƙara masa yankan kokwamba da dafaffen alayyahu. Launin ya dawo.

Sha'awar ganin 'ya'ya kuma ba ka bar ta ta mutu ba. Ka ba ni shawarar ƙaramin tanki daban da kifin gofi, wanda ke haihuwar 'ya'yansa a raye, yanzu haka yarana suna ciyar da su kullum da safe kafin makaranta.

Allah Ya ƙara wa kasuwarku albarka, Alhaji, Ya raya maka zuriya, Ya saka wa yaranka da alheri.

Naku,
Mai kiwon kifin ado daga Kano