Bin diddigin majalisar Birtaniya kan harajin shaguna da gidaje na zuwa bayan an yi ɓarna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili in yi tsokaci a kan yadda majalisar dokokin Birtaniya ke sa wa gwamnati ido a batun harajin gine-ginen kasuwanci da kuma manufofin samar da gidaje. Na daɗe ina zaune a Ingila, gidan haya nake ciki, kuma ina taimaka wa wasu masu ƙananan shaguna da lissafin kuɗinsu, saboda haka abin da ake yankewa a Westminster, inda majalisar take, a kan waɗannan batutuwa biyu yana riska ta kai tsaye.

Abin da kafafen labarai suka fi nuna mana daga majalisar shi ne zaman ranar Laraba, inda Firaminista ke amsa tambayoyi ana ta hayaniya daga ɓangarori biyu. Amma ainihin aikin bin diddigi a ɗakunan kwamitoci ake yin sa. Tun 1979 kowace babbar ma'aikata take da kwamitin majalisa da ke duba ayyukanta, kuma tun 2010 'yan majalisa ne ke zaɓen shugabannin mafi yawan waɗannan kwamitoci ta ƙuri'ar sirri, maimakon a bar wa shugabannin jam'iyyu su naɗa wanda suka ga dama. Kwamiti na iya gayyatar minista da manyan ma'aikata ya titsiye su a bainar jama'a, ya karɓi bayanai daga 'yan kasuwa da masu haya, ya fitar da rahoto, ita kuma gwamnati bisa al'ada ta ba da amsa cikin wata biyu. Tsari ne mai kyau, kuma ina ganin ƙimarsa. Damuwata ita ce a waɗannan batutuwa biyu mafi yawan binciken yana zuwa ne bayan an riga an aiwatar da manufar, wato ihu bayan hari.

Bari in fara da harajin, domin mutane da yawa ba su san yadda ake lissafa shi ba. A Ingila, tun 1990, duk wanda yake amfani da shago ko ofis ko masana'anta ko gidan abinci yana biyan haraji bisa ƙiyasin kuɗin hayar da ginin zai iya kawowa a shekara. Hukumar ƙiyasta darajar gine-gine ce ke sanya wannan adadi, sai a ninka shi da wani kaso da gwamnati ke tsayarwa. Ga ƙananan wurare, kason ya tsaya a kan kwabo 49.9 a kowane fam na shekaru da dama, ga manya kuma ya kai kwabo 55.5 a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026. Ba ruwan wannan haraji da ko mai shago ya ci riba ko ya faɗi. Muddin yana cikin ginin, sai ya biya. Wanda ƙiyasin wurinsa bai wuce fam 12,000 ba, kuma shi kaɗai ne wurinsa, an yafe masa gaba ɗaya, rangwamen yana raguwa har ya ƙare a fam 15,000. Harajin yana tara wa ƙasa kimanin fam biliyan 25 a shekara a Ingila, kuma tun 2013 ƙananan hukumomi ke riƙe rabinsa, shi ya sa kowace gwamnati ke tsoron taɓa shi.

A watan Oktoban 2019 kwamitin baitulmali na majalisar wakilai ya fitar da rahoto cewa tsarin ya lalace, yana danne masu shagon da ke bakin titi alhali masu sayarwa ta intanet suna biyan kaɗan idan aka kwatanta da cinikinsu, ya kuma nemi gwamnati ta duba wasu hanyoyin. Gwamnati ta yi nata nazarin, ta kammala a 2021, ta bar harajin yadda yake, sai dai ta yarda a riƙa sabunta ƙiyasin duk shekara uku. Wannan gyara yana da amfani, domin an taɓa ɗage sabuntawar 2015 zuwa 2017, abin da ya sa shaguna suka shekara bakwai suna biya bisa kuɗin haya na watan Afrilun 2008, wato farashin da ake ciki kafin durƙushewar tattalin arzikin duniya. To amma tambayar da kwamitin ya yi tun farko, ko ya dace a ci gaba da ɗora wa gini nauyin haraji haka a zamanin da ciniki ya koma waya, har yau ba a amsa ta ba. Jam'iyyar Labour ta yi alkawari a zaɓen 2024 cewa za ta maye gurbin tsarin, amma dokar da aka zartar a 2025 ta tsaya ne a kan rage kason ga shaguna da wuraren cin abinci da na shaƙatawa daga Afrilun 2026, da ƙara shi ga gine-ginen da ƙiyasinsu ya kai fam 500,000.

Ga misalin da ya sa nake cewa sa idon majalisa bai kai inda ya kamata ba. A lokacin annobar korona an yafe wa shaguna da gidajen abinci harajin gaba ɗaya a shekarar 2020 zuwa 2021, daga baya rangwamen ya koma kashi 75 cikin ɗari, sannan a kasafin Oktoban 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta mayar da shi kashi 40. Shagon da ƙiyasinsa fam 20,000 ne, cikakken harajinsa a lokacin fam 9,980 ne. Da rangwamen kashi 75 yana biyan fam 2,495, da na kashi 40 kuma fam 5,988, wato ya ninka har ya haura a dare ɗaya. Ni da kaina na zauna da wani mai shago muna wannan lissafi, na ga yadda jikinsa ya yi sanyi, domin ya riga ya sa hannu a takardar haya ta shekaru bisa zaton abin ba zai yi tsalle haka ba. Ba ina cewa gwamnati ba ta da hujjar rage rangwamen da tun asali na wucin gadi ne ba. Abin da nake cewa shi ne irin wannan rangwame shekara-shekara ake sanar da shi a jawabin kasafi, a tura wa ƙananan hukumomi umarnin aiwatarwa, kuma kafin wani kwamiti ya zauna ya ji ta bakin waɗanda abin zai shafa, takardun biya sun riga sun isa shaguna.

A ɓangaren gidaje lamarin ya fi muni. A 2013 gwamnati ta ba da damar mayar da ofisoshi gidajen zama ba tare da neman cikakken izinin gini daga ƙaramar hukuma ba, a 2016 ta mayar da damar ta dindindin, a 2021 kuma ta faɗaɗa ta zuwa shaguna da makamantansu. Duk wannan ba ta hanyar ƙudurin doka da ake tafka muhawara a kansa sashe-sashe aka yi shi ba. An yi shi ne da ƙa'idojin da minista ke fitarwa bisa ikon da wata tsohuwar doka ta ba shi, waɗanda 'yan majalisa ba su da ikon gyara ko kalma ɗaya a cikinsu, sai dai su nemi a soke su cikin kwana 40, kuma rabon da majalisar wakilai ta yi watsi da irin wannan ƙa'ida tun 1979. Sakamakon ya fito fili a binciken da ita kanta gwamnati ta sa aka yi, aka wallafa a 2020, wanda ya nuna cewa kimanin kashi 22 cikin ɗari ne kawai na gidajen da aka samar ta wannan hanya suka cika ma'aunin faɗin ɗaki na ƙasa, alhali waɗanda suka bi ta neman izini kimanin kashi 73 ne suka cika. Sai a 2020 aka wajabta cewa ɗakunan zama su sami isasshen hasken rana, sai a Afrilun 2021 aka wajabta faɗin da bai gaza murabba'in mita 37 ba ga gidan mutum ɗaya. Shekara takwas ke nan ana sa mutane, har da iyalai masu yara, a ɗakunan da ba a gina su don zama ba. Kwamitin gidaje da ƙananan hukumomi ya yi rahoto mai kyau a kan wannan a 2021, amma ginin da aka riga aka yanka ƙanana-ƙanana ba rahoto ne zai faɗaɗa shi ba.

Wani abin da ke damu na shi ne yadda ake duba haraji a wani kwamiti, gidaje kuma a wani, alhali a titi ɗaya suke haɗuwa. Idan haraji ya kori mai shago, ginin ya zama kango, mai ginin ya mayar da shi ɗakunan haya ba tare da ya ba da gudummawar gidaje masu rahusa da ake ɗora wa mai neman cikakken izini ba, ƙaramar hukuma ta rasa harajin kasuwanci, ta kuma sami ƙarin mazauna da za ta yi wa hidima. Haka nan, an shafe shekaru masu gida na biyu a garuruwan bakin teku suna rajistar gidajensu a matsayin masaukin baƙi, su fita daga harajin gidajen zama su shiga na kasuwanci, sannan su ci rangwamen ƙananan sana'o'i, su tashi ba su biya ko kwabo ba, 'yan garin kuma suna neman gidan haya ido rufe. Sai a Afrilun 2023 aka ce dole a nuna cewa an bayar da gidan haya na aƙalla kwana 70 a shekara. Duk wannan yana faruwa ne a ƙasar da fiye da iyalai 100,000 ke zaune a masaukin wucin gadi a Ingila tun 2023, kuma ƙananan hukumomi irin su Birmingham da Nottingham suka bayyana a shekarar cewa kuɗin shigarsu ba zai iya ɗaukar abin da suke kashewa ba.

Gwamnatin Labour da ta hau mulki a 2024 ta yi alkawarin gina gidaje miliyan 1.5 kafin ƙarshen wa'adin majalisar da aka zaɓa a shekarar, kuma irin wannan sha'awar cika adadi ce ta haifar da ɓarnar da na ambata a sama a ƙarƙashin gwamnatocin baya. Saboda haka ina ganin ya kamata duk wata ƙa'idar minista da za ta canza irin gidan da mutum zai kwana a ciki, ko ta ninka harajin mai shago, a miƙa daftarinta ga kwamiti tun kafin ta fara aiki, tare da lissafin waɗanda za ta shafa. Ya kamata kuma kwamitin baitulmali da na gidaje su riƙa yin zama na haɗin gwiwa a kan makomar titunan kasuwa, kuma bayan shekara guda da fitar da kowane rahoto a sake kiran ministan ya faɗi shawarar da aka aiwatar da wadda aka ajiye, da dalilin ajiyewar.

Ku kuma 'yan jarida, ina roƙon idan za ku kawo mana labarin majalisar Birtaniya ku riƙa leƙa waɗannan zaman kwamitoci, waɗanda ake yaɗa su kyauta a intanet kuma ake wallafa rahotanninsu tare da amsar gwamnati, ku fassara mana abin da aka tambayi minista da abin da ya amsa. Masu jin Hausa da ke haya ko riƙe da shago a Ingila suna da yawa, kuma kwamitocin suna karɓar bayani a rubuce daga kowane mutum, amma galibinmu ba ma jin an buɗe bincike sai bayan an rufe karɓa.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai bibiyar labaranku daga Ingila