Takardar mai unguwa ba ta karɓo bashin banki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan tsadar gini a Katsina, sai dai bai taɓo batun takardun fili ba.

Dokar Asusun Gidaje ta Ƙasa ta 1992 ta tanadi yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, domin ya samu rancen gida. Amma masu ba da rance takardar mallaka mai sa hannun gwamna suke karɓa jingina. A unguwarmu kuwa, yawancin filaye takardar mai unguwa da shaidu kawai gare su. Shi ya sa ake gini da kuɗin adashi, bulo ɗari bana, kwano baɗi.

Ina roƙon gwamnatin jiha ta rage kuɗin fitar da takardar mallakar, ta kuma ƙayyade mata wa'adin wata uku.

Wassalam,
Mai karatu daga Ƙofar Marusa, Katsina