Dakta ya daina ɗora wa yaranmu lalaci kan maganar ajin AP

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ni dai ba mai rubuto muku bace, saurare nake in kashe in cigaba da harkata, amma shirinku na ranar Asabar ɗin nan har yau ya ƙi fita a raina. Wancan Daktan da kuka kawo, da yace wai a makarantun sakandaren Amurka duk yaron da ya dage ƙofar ajin AP, wato darussa masu matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, a buɗe take gare shi, kuma wai abin da ya hana yaranmu shiga shine waya da TikTok da iyayen da basa bibiya, wallahi ina cikin cin abinci sai da na tsame hannu. Ita kuma mai gabatarwa sai "haka ne Dakta, gaskiya ne Dakta" take ta yi, ko sau ɗaya bata tambaye shi wa ke sa hannu a takardar shiga ajin ba. Toh ni na sani, saboda 'yata aka hana, kuma ba lalaci ne ya hana ta ba.

A Bronx nake zaune, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Babbar 'yata tun tana aji 9 makinta na kimiyya baya sauka ƙasa da 90, ba yabon kai ba, takardun suna nan a jakata. Tana son karatun likita, dan haka da za ta shiga aji 11 ta nemi AP na kemistiri. Aka ba su fom wajen ƙarshen sanyi, aka ce sai malamar kimiyya ta wannan shekarar ta sa hannu tukuna. Malamar ta ƙi. Dalilinta? Wai yarinyar bata magana a aji, bata ɗaga hannu, wai bata ga alamar za ta iya ɗaukar nauyin ajin ba. Bata ce ta faɗi jarabawa ba, bata ce bata yin aikin gida ba, shirunta kawai ta gani. Malam Edita kai Bahaushe ne, ka san yadda muke tarbiyya, 'ya mace ta zauna gaban babba ta ƙura masa ido tana katse shi ai mu rashin kunya muke ce masa, ni da kaina na koya mata sunkuyar da kai in babba na magana, kuma ban yi nadama ba. Shine aka auna ta da wannan aka ce bata isa ba. Ta ninke fom ɗin ta cusa a ƙasan jaka bata faɗa min ba, dan a ganinta malama ta riga ta yanke hukunci, wace ce ita da za ta ja da malama. Sai a watan Satumba da jadawali ya fito na ga babu AP ko ɗaya a ciki.

Na nemi hutun rabin yini a wajen aiki, wanda kuɗi ne ya fita daga aljihuna, na je makarantar. Matar da ke ba ɗalibai shawara bata wulaƙanta ni ba, gaskiya, amma teburinta fayil ne tsibi guda har bata ganin wanda ya shigo sai ta leƙo. Ta juyo min da kwamfuta tace in duba, aji ɗaya tak suke da shi na AP kemistiri kuma ya cika tun kafin hutu. Nace to me yasa ba wanda ya kira ni lokacin da aka hana ta? Tace ai ana turo saƙo ta manhajar makaranta. Manhajar da saƙo ke shigowa kamar ruwan sama, na abinci, na wasanni, na ɗaukar hoto, duk da Turanci, ta ina zan gane wanne ne ke yanke makomar 'yata? Ban ma ga laifinta sosai ba. Ƙungiyarsu ta masu ba da shawara cewa take mutum ɗaya ya riƙe ɗalibai 250, amma a faɗin ƙasar abin ya haura 350. Wanda ke riƙe da yara haka ba zai bi 'yar da bata magana ya tambaye ta me take so ba.

Abin da ya fi ƙona min rai sai daga baya ya zo. Wata nas da muke haɗuwa a gidan tsohuwar da nake kula da ita, da na ba ta labari sai ta yi dariya tace ita ma an taɓa hana ɗanta a tasu makarantar, imel ɗaya ta tura wa shugaban makaranta, aka ba ta wata takarda ta sa hannu cewa ta ɗauki alhakin in yaron ya kasa, shikenan aka saka shi. Ashe a makarantu da yawa sa hannun malami ba shine ƙarshen magana ba, iyaye na iya ture shi, sai dai ba a rubuta wannan a fom ɗin da ake ba yara, wanda ya sani ya sani. Toh ina ƙofar da Dakta yace a buɗe take? A buɗe take ga wanda uwarsa ta yi makaranta a nan ta san wa za ta rubuta wa. Kuma shi Dakta na tabbata ya san wannan takardar, ya zauna minti talatin a gidan rediyo yana mana faɗa bai ambace ta ba.

Kuma dan Allah kar wani yace ai aji ne kawai, me aka rasa. Jarabawar AP ana yin ta a watan Mayu, maki daga 1 zuwa 5, jami'o'i da yawa in ka ci 3 ko sama suna yafe maka wannan kwas ɗin, wasu sai 4 ko 5. Kuɗin jarabawa kusan dala 100 ne, akwai rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. Jami'ar birnin nan ta gwamnati, wadda ita ce mai sauƙi, kusan dala 7,000 ce a shekara ga ɗan jiha, ka lissafa abin da kwas uku ko huɗu za su rage wa mai aiki irin nawa. Ga shi makarantu da yawa suna ƙara wa makin AP nauyi a lissafin sakamako, ga masu ɗaukar ɗalibai a jami'a suna duba ko yaro ya ɗauki darussa masu wuya da makarantarsa ke da su. Su ba za su ga cewa malama ce ta ƙi sa hannu ba, abin da za su gani yarinya ce ta zaɓi mai sauƙi.

Shi kansa College Board ɗin da ke riƙe da AP tun 1955, a rubuce yake roƙon makarantu su cire shingen da ke hana yara shiga, amma roƙo ne, ba shi ke zaɓar yara ba, kowace makaranta da kowace gunduma da nata tsarin. Wata sa hannun malami, wata makin bara, wata sakamakon PSAT, wato jarabawar gwaji kafin ta neman shiga jami'a, wata kuma kowa ya so ya shiga. Yara biyu masu maki ɗaya a unguwa ɗaya, wannan ya shiga wancan a hana shi, bambancinsu kawai ginin da suke zuwa da safe. Da lalacin yara ne matsalar, me ya kai jihar Washington yin doka a 2019 cewa yaron da ya ci jarabawar jiha a saka shi a ajin darasi mai zurfi kai tsaye sai in iyayensa ne suka ce a'a? North Carolina ta yi irin ta kan lissafi a 2018, Texas ta bi a 2023. 'Yan majalisar nan ba dan suna ƙaunar 'yata suka yi ba, sun ga yara masu maki suna zubewa ne a wajen sa hannun nan. 'Yata ce ma ta ba ni labarin wani malami ɗan asalin Bolibiya, Jaime Escalante, a gabashin Los Angeles, da a 1982 ɗalibansa 18 'ya'yan talakawa suka ci AP na kalkulas, aka zargi 14 da satar amsa, 12 suka sake zama kuma duk suka sake ci.

Sannan maganar lissafi, wadda Dakta ya tsallake gaba ɗaya, ita ce ma babba. Tun ran gini tun ran zane. Kafin yaro ya kai kalkulas sai ya bi aljebra ta ɗaya, jiyometiri, aljebra ta biyu, sannan ajin share fage, kalkulas ita ce ta biyar, sakandare kuma shekara huɗu ce, aji 9 zuwa 12. Kenan in bai yi aljebra a aji 8 ba an riga an gama da shi, sai dai ya haɗa biyu a shekara ɗaya ko ya yi karatun hutu, kuma ba kowace makaranta ke yarda ba. Wa ke raba yara a aji 7 da 8? Malami ne da makin jarabawa, yaro yana da shekara 12 ko 13 bai san me ake ciki ba, uwarsa na wajen aiki. Ƙanen 'yar tawa yanzu yana aji 7, wallahi na zama musu ƙarfen ƙafa, duk taron iyaye ina layin gaba da tambaya ɗaya, shin yana cikin masu aljebra baɗi ko baya ciki, kuma a rubuta min. Sun san fuskata yanzu. Ita kuwa babbar ta samu wani kwas na jami'a kyauta ta shirin College Now, tana zuwa bayan an tashi, tana dawowa da duhu, alhamdulillahi, amma wannan ma wata ƙawarta ce ta faɗa mata.

Ban ce iyaye ba mu da namu ba, akwai yaran da wayar ta cinye su, kowa na gani. Amma ku gidan rediyo ne da mutanenmu ke ji daga nan har Columbus har Houston, direban tasi na ji, mai kitso na ji, kun samu rabin awa da za ku ce musu ku tambayi fom, ku tambayi takardar da iyaye ke sa hannu, ku nemi tafinta in Turancin bai zauna ba dan haƙƙinku ne, sai kuka ɓata shi wajen kiran yaranmu malalata. Akwai uwar da ta ji shirin nan ta je ta rufe ɗanta da faɗa a kan abin da ba shi ya yi ba.

Af, tunda na riga na ɗauki waya, wannan lambar da kuke cewa a turo saƙon murya, wa ke sauraronta ne? Muna turawa muna turawa ko alamar an buɗe babu, amma gaishe-gaishen mutanen nan guda nawa da kullum su ne, su kam ba a fashin karanto su, har kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin magana ya fi muryar baƙo ƙarfi, mu masu ji a cikin jirgin ƙasa sai mun danne abin kunne da yatsa.

Ku dawo da Dakta kafin watan Fabrairu, dan daga nan ne makarantu ke fara raba fom na baɗi, ku haɗa shi da uwa ko uban da aka taɓa hana ɗansa, ku bar layi a buɗe. In kun rasa wanda zai zo ni zan zo, ranar Lahadi bana aiki.

Wassalam,
Wata uwa mai sauraronku daga Bronx, New York