A Koya wa Ɗaliban Likitanci Tiyata da Agajin Gaggawa Kafin a Damƙa Musu Rayuka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan wani lamari da ya daɗe yana ci mini rai, wato yadda ake koyar da ɗaliban likitanci aikin tiyata da kula da majinyacin da aka kawo rai a hannun Allah. Ni likita ne, na yi shekaru ina aiki a ƙananan asibitoci kafin in koma koyarwa, saboda haka abin da zan faɗa na gan shi a gefen gadon majinyaci, na kuma gan shi a cikin aji.

A watannin farko bayan na kammala karatu aka kawo mini wata baiwar Allah cikin dare, jikinta ya yi sanyi, gumi yana keto mata, jijiyar hannunta tana bugawa da sauri amma da ƙyar ake jin ta. Ciki ne ya zauna mata a wajen mahaifa ya fashe, jini yana ta taruwa a cikinta. Na san sunan ciwon, na san alamominsa, na taɓa amsa tambaya a kansa a jarrabawa, amma ban taɓa neman jijiyar ƙarin ruwa a jikin wanda jini ya ƙare masa ba, kuma duk tiyatar da na halarta a makaranta ta bayan kafaɗar wasu na leƙa ta. Babu likitan fiɗa a kusa, nisan asibitin da yake kuwa ya fi ƙarfin jinin da ya rage mata. Wani dattijon ma'aikacin jinya da ya daɗe a ɗakin tiyata shi ya tsaya a gefena yana nuna mini inda zan sa hannu, Allah kuma ya yi da sauran kwananta a gaba. Tun daga wannan daren nake tambayar kaina dalilin da ya sa makarantar da ta ɗauki shekaru tana koya mini cututtukan da mai yiwuwa ba zan taɓa gani ba, ta sallame ni ban iya abin da zan riƙa gani kowane mako ba.

Da farko na ɗauka matsalar makarantarmu ce kaɗai, sai daga baya na fahimci cewa abin ya game duniya. A shekarar 2015 wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya fitar da rahoto cewa mutum biliyan 5 ba su da hanyar samun tiyata mai aminci, wadda za su iya biya, a lokacin da suke buƙatarta. Rahoton ya ce daga cikin tiyata miliyan 313 da ake yi a duniya kowace shekara, kashi 6 cikin 100 kacal ake yi a ƙasashen da suka fi talauci, alhali fiye da kashi ɗaya cikin uku na al'ummar duniya a can suke zaune, kuma ana buƙatar ƙarin tiyata miliyan 143 a shekara kafin a cike wannan giɓin. Adadin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na mace-mace: a shekarar 2010 kimanin mutum miliyan 16.9 suka rasu sakamakon larurorin da ke buƙatar tiyata, wanda ya zarce jimillar waɗanda cutar ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro suka kashe a wannan shekarar. Tun a 2008 wasu likitoci biyu masana lafiyar duniya, Paul Farmer da Jim Yong Kim, suka kira tiyata agolan da aka yi watsi da shi a harkar lafiyar duniya, kuma duk wanda ya duba yadda ake kasafta darussan lafiyar al'umma a makarantun likitanci zai ga cewa har yanzu agolan bai samu gurbinsa ba.

Hukumomi sun motsa, wannan gaskiya ne. A watan Mayu na 2015 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri cewa tiyatar gaggawa da aikin sa barci suna cikin kulawar da ta wajaba kowa ya samu, ya biyo da wani ƙudurin a kan tsarin agajin gaggawa a 2019, sannan a 2023 ya haɗa agajin gaggawa da kula da masu tsananin rashin lafiya da tiyata wuri guda. Sai dai abin da aka zartar a zauren taro ba ya isa ga majinyaci sai ta hannun wanda yake bakin aiki a daren. Kwamitin Lancet ya ce a nemi ƙwararru 20, tsakanin likitocin fiɗa da na sa barci da na haihuwa, ga kowane mutum 100,000. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin ƙasashen Afirka 25, aka wallafa a 2018, ya tarar cewa abin da ake da shi bai kai ƙwararre ɗaya ga wannan adadin ba. Tun da horar da ƙwararre yana ɗaukar shekaru bayan karatun likitanci, a fili yake cewa na tsawon lokaci mai zuwa wanda zai tarbi mai naƙudar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, da yaron da taifod ya huda wa hanji, da wanda mota ta kaɗe, shi ne matashin likitan da bai daɗe da barin makaranta ba. Ɗalibin da ke zaune a aji yau shi ne wannan likitan, don haka a kansa ya kamata a yi shiri.

Abu na farko da nake roƙo a koya masa, a kuma tabbatar ya iya da hannunsa, shi ne mintunan farko na majinyacin da ke cikin haɗari. Akwai tsari sananne da ake bi daki-daki: a fara da hanyar numfashi, sai numfashin kansa, sai zagayawar jini, sai hankalin majinyaci, sannan a duba jiki gaba da baya. Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa sun fitar da kwas a kan wannan tsarin a 2018, an tsara shi ne domin wuraren da kayan aiki suka yi ƙaranci, kuma cikin 'yan kwanaki ake kammala shi. Ɗaga haɓar wanda ya suma domin iska ta wuce, danne rauni har jini ya tsaya, sa bututu a ƙirjin da iska ko jini ya cika, ba da maganin rage zubar jini na taraneksamik cikin awa uku na farko ga wanda ke zubar da jini bayan haɗari ko bayan haihuwa, da iya tantance wanda za a fara dubawa idan an kawo mutum goma a lokaci ɗaya, duk waɗannan ba su buƙatar na'ura mai tsada. Haɗarin hanya kaɗai yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, amma sai ka ga ɗalibi ya kai shekarar ƙarshe bai taɓa jagorantar ceto mai rauni ba, ko da a kan mutum-mutumin gwaji.

Bayan wannan sai tiyatar da rahoton Lancet ya ɗauka a matsayin ma'aunin asibiti, wato fiɗar ciro jariri, da buɗe ciki, da gyaran karayar da ƙashi ya huda fata, waɗanda ake so mutum ya iya samu cikin tafiyar awa biyu. Ba ina cewa a sallami ɗalibi ya je ya riƙa buɗe cikin mutane shi kaɗai ba, domin rabin sani a ɗakin tiyata yana iya kashewa kamar yadda rashin sani yake kashewa. Abin da nake nufi shi ne ya wanke hannu ya shiga aikin sau da yawa a ƙarƙashin kulawar malami, ya san allurar kashe zafi ta ƙashin baya da maganin sa barci na ketamin da haɗarin kowannensu, ya san lokacin da za a yi aiki nan take da lokacin da ya fi dacewa a farfaɗo da majinyaci a tura shi gaba, tare da takarda mai bayani da ruwa yana tafiya a jijiyarsa. Ƙasar Mozambik ta fara horar da jami'an tiyata waɗanda ba likitoci ba tun a shekarun 1980, kuma su ne suka ɗauki mafi yawan fiɗar haihuwa a asibitocinta na karkara. Idan horo mai tsari ya iya kai su ga wannan matsayin, babu hujjar a ce ɗalibin likitanci ba zai iya koyon tushen aikin ba.

Akwai wani ɓangare da ake yawan mantawa da shi, kuma a ganina nan ne koyarwa za ta fi ceton rayuka. Binciken nan na ƙasashe 25, wanda ya bi majinyata 11,422, ya nuna cewa duk da cewa majinyatan sun fi na ƙasashe masu arziki ƙuruciya da ƙarancin wasu cututtuka, haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka na duniya sau biyu, kuma fiye da tara cikin goma na waɗanda suka rasu sun rasu ne bayan ranar da aka yi musu aikin. Wato an fito da su daga ɗakin tiyata da rai, sai aka rasa su a ɗakin kwanciya, inda numfashi ya ƙaru ko fitsari ya ragu ko jini ya faɗi cikin dare ba tare da wani ya lura a kan lokaci ba. Wanda yake zagaya waɗannan gadajen da dare shi ne ƙaramin likita tare da ma'aikatan jinya. A koya masa ya ɗauki takardar awon majinyaci da muhimmanci, ya saurari ma'aikaciyar jinya idan ta ce wane ya canza mata, ya yi amfani da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa domin auna iskar oksijin, ya kuma saba da takardar bincike mai tambayoyi 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, wadda gwajin da aka yi a asibitoci takwas ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin 100 bayan an fara aiki da ita.

Sannan a buɗe masa ido ya ga abin da ke faruwa kafin majinyaci ya iso ƙofar asibiti. Masana suna maganar jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar neman magani, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an iso. Rahoton Lancet ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 33 ne kuɗin tiyata yake durƙusar da su kowace shekara, ban da waɗanda kuɗin mota da zaman jinya suke karyawa. Ɗalibin da ya saba tambayar majinyaci kwana nawa ya yi a gida da abin da ya hana shi zuwa da wuri ba zai yi saurin ɗora masa laifi ba, kuma idan wata rana ya zama shugaban asibiti zai san inda zai fara gyara.

Ina da magana kuma ga makarantun ƙasashe masu arziki, waɗanda sau da yawa suke fahimtar wannan fannin a matsayin tafiyar 'yan makonni zuwa wata ƙasa mai rauni. Ɗalibin da ba a yarda ya yi wani aiki a ƙasarsu ba, bai halatta ya je ya gwada shi a jikin talakan wata ƙasa ba, kuma wajibi ne malamansa su gaya masa haka kafin ya tashi. Ya je a matsayin mai koyo, domin akwai abin koyo: a Yuganda an gwada gyaran ƙaba da raga mai arha irin ta gidan sauro wadda aka tsarkake, sakamakon da aka wallafa a 2016 kuma ya nuna ta yi daidai da raga mai tsada. Kuma a riƙa buɗe ƙofa ta ɗaya ɓangaren, ɗaliban ƙasashen da ake ziyarta su ma su samu zuwa, a kuma sa sunayensu a binciken da aka yi da guminsu.

Na san abin da shugabannin makarantu za su ce, cewa manhaja ta cika maƙil kuma kowane sashe yana kukan ƙarancin lokaci. Na zauna a irin waɗannan tarurrukan, na san ba ƙarya suke yi ba. Amma na kuma san cewa ɗalibi yana karanta abin da za a tambaye shi ne, saboda haka muddin wannan ilimin yana matsayin darasin ganin dama, ko lacca ɗaya da yamma, to 'yan ƙalilan masu sha'awa ne kawai za su same shi. Roƙona ga makarantun likitanci da hukumomin da ke ba da lasisin aiki shi ne a sa shi cikin jarrabawar ƙarshe, a gwada ɗalibi da hannu a gaban malami, a kuma tura kowane ɗalibi ya yi wasu makonni a ƙaramin asibiti tare da likitan da zai kula da shi, domin ya kwana a sashen gaggawa ya ga yadda ake aiki idan babu ƙwararre a kusa. Lokacin da za a buƙata ana iya samo shi daga darussan haddar cututtukan da ba kasafai ake gani ba, waɗanda likita zai iya buɗe littafi ya duba a natse ranar da ya gamu da su.

Ina fata malaman likitanci da ɗalibansu da ke karanta wannan jarida za su rubuto su faɗi yadda abin yake a makarantunsu, musamman adadin lokutan da ɗalibi yake wanke hannu ya shiga tiyata kafin ya kammala karatu. Na gode da wannan fili da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Wani likita mai koyar da ɗalibai