Zanen Gernika da yadda muke ba da labarin waɗanda yaƙi ya ci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan wani zane na 1937 da ya shafi aikinku.

Ranar Litinin 26 ga Afrilun shekarar, wadda ta kasance ranar kasuwa, jiragen yaƙin Jamus da Italiya masu mara wa Janar Franco baya a yaƙin basasar Sifen suka yi wa garin Gernika da ke yankin Basque a arewacin ƙasar ruwan bama-bamai. Pablo Picasso, mai zane ɗan ƙasar Sifen da ke zaune a Paris, ya mayar da martani da zane mai faɗin kusan mita 8, wanda babu launi a cikinsa sai baƙi da fari da ruwan toka. Bai zana jirgi ba, bai zana tuta ko fuskar wani janar ba. Abin da ya sa a gaban mai kallo shi ne uwa ta ɗaga kai sama tana kururuwa da gawar ɗanta a hannu, da doki da aka soke, da mace cikin gidan da wuta ke ci. Gwamnatin yankin Basque ta ce mutum 1,654 suka mutu, masana tarihi daga baya suka ce ɗaruruwa ne, amma ko wane adadi aka ɗauka, kukan uwar nan ba ya raguwa.

Masu mulki ma sun san nauyinsa. A Fabrairun 2003, lokacin da Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na wancan lokaci, ya je Majalisar Ɗinkin Duniya yana neman goyon bayan yaƙin Iraƙi, an rufe kwafin zanen da ke ƙofar zauren Kwamitin Sulhu da labule, aka ce wai saboda kyamarorin talabijin ne.

Da jirgi marar matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna a Disambar 2023, adadi ne ya mamaye kanun labarai, aka yi ta gardama a kansa har aka manta cewa kowane mamaci ɗan wani ne ko uwar wasu. Roƙona shi ne, idan irin wannan ta sake faruwa, Allah Ya kiyaye, ku tura wakili ya zauna da iyalan, ya kawo mana sunayen mamatan da shekarunsu da sana'arsu, sannan ku buɗe shafi ga matasanmu masu zane da marubuta waƙa.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya.