Zuwa ga Baba Koci: amsar tambayarka kan kasuwancin ƙwallo

Assalamu alaikum Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Tambayar da ka yi mini a shirin wasanni na rediyo ta iso gare ni. Ka ce ni da nake da gidan kallon ƙwallo, nake kuma riƙe da ƙungiyar yara a unguwa, in gaya wa mutanen Bauchi abin da muka ƙaru da shi tun da harkar ƙwallo ta zama kasuwancin duniya, ban da kwashe matasa daga filin Abubakar Tafawa Balewa zuwa gaban talabijin. Tunda a gaban jama'a ka tambaya, a gabansu zan amsa.

Rabin maganarka gaskiya ce, ba ni da ja. An kwashe idon matasanmu, kuma da shiri aka kwashe shi. A 1992 manyan ƙungiyoyin Ingila suka ware suka kafa gasar Firimiya, suka sayar wa gidan talabijin na Sky damar nuna wasanninsu a kan fam miliyan 304 na shekara biyar. Daga ranar nan mai kallo a gida ya fi mai sayen tikiti a ƙofar fili daraja. A watan Disamba na 1995 kuma kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar wani ɗan wasan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, cewa wanda kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya inda ya so ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ba, ta kuma soke ƙayyade yawan 'yan wasan ƙasashen Tarayyar a ƙungiya ɗaya. Sai albashi ya tashi, dillalai suka yi ƙarfi, attajirai suka shigo. Abramovich na Rasha ya sayi Chelsea a 2003, iyalan Glazer na Amurka suka karɓi Manchester United a 2005, Sheikh Mansour na Abu Dhabi ya sayi Manchester City a 2008, Ƙatar ta sayi PSG ta birnin Paris a 2011, asusun zuba jarin Saudiyya ya jagoranci sayen Newcastle a 2021. Yau yaron da ke rantsuwa da Arsenal a Wunti yana goyon bayan kamfanin wani Ba'amurke ne mai suna Stan Kroenke.

Abin da ya fi shafarmu shi ne wannan: a yarjejeniyar 2022 zuwa 2025, kuɗin da Firimiya ta samu daga masu nuna wasanta a ƙasashen waje ya zarce wanda ta samu a cikin Ingila, karon farko a tarihinta. Ƙasashen wajen nan har da mu. Kuɗin da mai kabu-kabu ya miƙo mini a bakin ƙofa, nakan cire na man janareta, in biya kamfanin da ke kawo tashar, kamfanin ya biya Landan. Na san hanyar da kuɗin nan ke bi, Baba, domin ta hannuna yake wucewa kowane wata.

Inda na rabu da kai shi ne a kan wa za a ɗora laifin. Ko na rufe gidana gobe, wasan yana cikin wayar da ke aljihun kowane yaro. Kuma asarar da ta fi ci mini rai ba ta masu kallo ba ce, ta masu buga ƙwallon ce. Kasuwar nan tana saye a wurinmu kamar yadda take sayar mana, mu ne dai ba mu san farashin abin da muke bayarwa ba.

Dubi Ahmed Musa. Daga Jos ya taso, ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kaka ɗaya, ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, daga nan CSKA Mosko, har Leicester ta saye shi a 2016 a kan sama da fam miliyan 16. Victor Osimhen daga wata makarantar ƙwallo ta Legas ya fito, ya ci ƙwallo 10 a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya a Chile a 2015, shekara biyar bayan haka Napoli ta biya Lille kimanin yuro miliyan 70 a kansa. Duk wanda ya kai nan, akwai wani kamar kai da ya fara koya masa tare ƙwallo a fili mai ƙura, ya saya masa ruwan leda daga aljihunsa.

Dokar FIFA ba ta manta da irinku ba. Idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata alhali yana da kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 rabonta rubu'in kashi ɗaya ne, daga 16 zuwa 23 kuwa rabin kashi ɗaya. A ce ka riƙe yaro daga shekara 12 har ya gama ta 17, wata rana aka sayar da shi a yuro miliyan 10: haƙƙin ƙungiyarka yuro dubu 200 ne. In aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa, a sake biyanka. Tun daga ƙarshen 2022 FIFA ta buɗe ofishi a birnin Paris wanda aikinsa ke nan, ya karɓi kuɗin ya tura wa masu shi. Amma ofishin takarda yake dubawa. In ba a yi wa ƙungiyarka rajista da hukumar ƙwallo ba, ba a kuma shigar da sunan yaron a ƙarƙashinta shekara bayan shekara ba, to a idon doka ba ka taɓa ganinsa ba. Kamar makiyayi ne ya yi kiwon maraƙi har ya zama sa, ranar kasuwa aka ce ba shi da shaida, dillali ya tafi da kuɗin da la'adar duka.

Nan ne muke zubar da jini. Ƙungiyoyin unguwa nawa ne a Bauchi da Azare da Misau suke da cikakkiyar rajista? Yara nawa ne ke da takardar haihuwa ta gaskiya? Rage shekaru da wasu ke yi don a shiga gasa, shi ne ke rusa haƙƙin mai reno daga baya. Sai wani ya zo da jaka da kati mai ɗauke da sunansa da lambar wayarsa, ya ce yana da ƙungiya a Turkiyya ko Gabashin Turai, uba ya sayar da fili ya biya kuɗin biza. Na ga gidan da aka yi wa haka a unguwarmu, yaron ya dawo ba ƙungiya ba takalmi, ya daɗe ba ya iya fita cikin abokansa. Da iyayen sun san cewa FIFA ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don ƙwallo, sai a wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan, sun kuma san ƙungiyar gaskiya ita ke biyan kuɗin jirgi, da filinsu yana nan.

Wasu 'yan Afirka sun gane kasuwar sun shige ta da ido biyu. Makarantar Génération Foot ta Senegal ta ƙulla yarjejeniya da Metz ta Faransa, ta nan Sadio Mané ya bi. Right to Dream ta Gana har ƙungiya ta mallaka a Denmak, Nordsjælland, daga can Mohammed Kudus ya wuce Ajax. A nan gida Kunle Soname ya gina Remo Stars da makarantarta a Ikenne, ya sayi Feirense ta Fotugal, Remo kuma ta lashe gasar Najeriya a 2025. Ko da yake kuɗin caca na cikin jarinsa, kuma ni caca ita ce ɓangaren kasuwar nan da na fi tsoro. Na hana ta a gidana saboda addininmu ya haramta, na kuma ga yadda take cinye jarin ƙananan 'yan kasuwa. Su kansu ƙungiyoyin Firimiya sun amince su cire tallanta daga gaban rigunansu daga kakar 2026/27.

Batun komawar jama'a fili kuwa, ba ni zan tuna maka ba, kai ka gani da idonka. Ƙungiyarmu ta Bauchi, Wikki Tourists, ta ɗauko Kofin Ƙalubale na Najeriya a 1998. Filinmu ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da kuma 2009. A 2016 da Wikki ta zo ta uku a gasar ƙasa ta samu gurbin wasan Afirka, gidajen kallo suna nan a buɗe, amma mutane sun je fili. Yaran da ke zama a bencina suna son Wikki, 'yan Gombe ma haka suke son Gombe United. Abin da suka saba gani a talabijin suke nema: a fara wasa a kan lokaci, alƙalin wasa ya fita lafiya, baƙo ya iya cin wasa a gidan wani. Muddin yawancin ƙungiyoyin ƙasar nan suna jiran kasafin gwamnatocin jihohi, ba su da kuɗin shiga nasu na kansu, da wuya su iya riƙe ɗan wasa mai kyau fiye da kaka biyu.

Saboda haka ga roƙona gare ka, Baba. Maganarka tana da nauyi a wurin masu horar da yara a garin nan, tawa ba ta kai ba. Ka tara mana su, mu je hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha tare, mu nemi a yi wa kowace ƙungiyar unguwa rajista, a shigar da sunan kowane yaro da ainihin shekarunsa, a kuma samo lauya ya karanta mana dokar nan da Hausa a gaban iyaye. Gidana yana da benci da lasifika, kuma da safe babu wasa. Ka sa rana, man janareta a wuyana.

Wassalam.

Ɗanka,
mai gidan kallo a Bauchi